Gyaran Muryar Kawu

Sallama gare ku, masu karanta shafin Auta. Yau ba ita ce take muku magana ba, uwarta ce. Ni ce matar nan da kuka yi ta wankewa a ƙasan labarinta. Wata ta ce muguwar uwa ce ni, wata ta ce baƙin ciki nake yi da 'yar cikina, wani kuma da ko hotonsa bai sa ba ya ce tsufa ne ya fara taɓa min kai. Duk an karanta min. Na ƙarshen ma sai da na sa aka maimaita, don in ji shi da kyau.

Ni ban yi makaranta ba, ban iya riƙe biro ba balle danne-dannen waya. Saboda haka wanda ya yi min laifin shi na zaunar a ƙasa, na damƙa masa wayar, ina faɗa yana rubutawa. Auta na tsaye a kansa tana dubawa, kada ya sassauta wa kansa ko da kalma ɗaya. A labarinta Injiniya take ce masa, wani lokaci har da "hasken idona", Allah ya shirya. Ni Mahauci nake kiransa. Rubuta, Mahauci, kar ka ɗago min kai.

Ta gaya muku na hana manyansa zuwa neman aurenta saboda wani tsohon akwatin kiɗa. Gaskiya ne, na hana. Abin da ba ta gaya muku ba shi ne ko wane ne Kawu.

Kawu ogan ne, irin na da, mai aiki da lantarki. Ba fiyano ba, marigayi baban su Auta har faɗa yake yi in aka ce fiyano. Ƙaton abu ne na katako mai ruwan ƙasa, tsayinsa ya kawo min ƙirji. Yana da haƙora layi biyu, sama da ƙasa, da wasu sanduna da ake takawa da ƙafa, ga maɓallai ja da kore da rawaya jere a goshinsa. Tun yana saurayi baban su yake kaɗa shi a wani otal. Da otal ɗin ya canza hannu, sababbin masu shi suka ce a fitar da tarkace, shi kuwa ya ɗauko tarkacensa a bayan mota ya kawo gida. Ni a falo na zo na tarar da shi, ya riga ni shiga gidan nan. Daga baya baban su ya koma tuƙin bas, amma duk ranar da ba ya aiki, yana gama shan shayi zai ɗage farin ƙyallen da nake rufe shi da shi, ya zauna.

Yara ne suka sa masa suna Kawu, kuma da dalili. In ka kunna shi ba ya magana nan take. Sai ya yi shiru tukuna, sannan ka ji wani gurnani daga can cikinsa, "hmmm", sai ɗan tari "kaf-kaf", sannan ya yarda a taɓa shi. Gyaran murya sak na dattijon da zai shigo ɗaki. Kuma wallahi irin na baban su ne in ya dawo aiki ya tsaya a bakin ƙofa. Har yau ban san wanda ya koya a wurin wani ba.

Da Allah ya karɓi abinsa, manyan yaran suka watse gidajensu, aka bar ni daga ni sai Auta sai Kawu. Ni ban iya kiɗa ba. Ban taɓa danna haƙorinsa ba, sai dai in goge masa ƙura. Amma kowace safiya, bayan Auta ta fita aiki, kafin in ɗauki tsintsiya sai in kunna shi. Ya yi gyaran murya, in ce masa "An tashi lafiya?", in kashe shi in shiga aikina. Kai mai cewa tsufa ya taɓa min kai, ga hujja nan na ba ka kyauta, ka riƙe.

To, sai Kawu ya fara ciwo. In Auta ta zauna taɓa shi, wasu haƙoran su yi magana, wasu su yi shaƙaƙƙiyar murya kamar mai mura, wasu su ƙi sam. A daidai lokacin ne wannan yaron ya fara zarya gidana. Yana da shago inda mawaƙa suke zuwa ɗaukar waƙa, yana kuma gyaran kayan sauti.

Ranar da ya fara shigowa falo ba zan manta ba. Auta tun azahar take fama da madubi. Ta sa doguwar riga shuɗiya, ta cire, ta sa mai ruwan zuma, ta cire, ta koma shuɗiyar. Turare kuwa har sai da na buɗe taga. Shi ya zo da farar riga an goge ta kamar takarda, da biro da wata 'yar sukudireba a aljihun gaba. Ya durƙusa ya gaishe ni da kyau, ban da abin cewa a nan. Yana ɗagowa idonsa ya faɗa kan Kawu, sai ya manta da mu gaba ɗaya, har da mai shuɗiyar riga.

"Mama, in taɓa?"

Na ce taɓa. Ya ɗage ƙyallen a hankali, ya shafa katakon kamar mai shafa kan maraya.

"Mama, wannan ai an daina yin irinsa. Dukiya ce kuka ajiye a falo."

Nan yaron ya shiga raina, kuma nan na yi sake. Na ce, "Tunda an ce kai injiniya ne, ɗauke shi ka gyara masa murya."

Ya washe baki. "Gyaran murya ai shi ne aikina kullum, Mama. In ya dawo ba za ki gane shi ba."

Na yi dariya. Ashe yaro gaskiya yake gaya min ƙiri-ƙiri.

Ku ji inda aka samu matsala. Ni a wurina, in an ce a gyara abu, a mayar da shi yadda yake da can. Su kuwa a shagonsu, gyaran murya wani abu ne daban. Mawaƙi zai zo da murya kamar ƙyauren da ya yi tsatsa, a zuba ta cikin kwamfuta, ta fito tana ƙyalli, uwar da ta haife shi ma ba za ta shaida shi ba. Wannan suke kira gyara. Ni ina nufin magani, shi ya ji canji.

Kuma ba shi kaɗai ba ne. Daga baya na sa an karanta min saƙon da ya tura wa Auta: "Na buɗe Kawu, cikinsa ya tsufa sosai. In mayar da shi na zamani, ki riƙa kaɗa duk abin da kike so?" Ita kuma ta amsa: "Duk yadda ka gani, hasken idona," da jajayen zukata a jere kamar an shanya barkono. Auta, in kika goge wannan sai na sani.

Ranar da aka dawo da shi na share falo tas, na wanke ƙyallensa na goge. Abin da ya fara tsaya min a rai shi ne, sa'ad da za a tafi da shi sai da aka nemo ƙarti suna nishi. Da ya dawo, Mahauci da Auta ne kawai suka ɗago shi, suna ma hira. Na ce a raina, me ya ramar da kai haka, Kawu?

Ba laifi, ya sha man goge katako yana sheƙi, haƙoransa sun yi fari fat. Sai yaron ya ɗauke hoton baban su daga samansa ya miƙa wa Auta, ya ɗora kwamfutarsa a wurin. Ya jona wata waya, ya ajiye wasu baƙaƙen sifiku a gefe, ya kunna.

Na kasa kunne. Babu "hmmm". Babu tari. Ya danna haƙori, take sauti ya fito, tsaf, kamar ruwan famfo.

"Mama, ji wannan, fiyano." Ya taɓa kwamfuta. "Ji wannan, sarewa. Ga ganguna. Ga muryoyin mata suna amshi. Yanzu muryoyinsa ba su da iyaka."

Auta sai tafi take yi. Na ce, "Ina tasa?"

"Na'am, Mama?"

"Na ji ta sarewa, na ji ta 'yan amshi. Ina tasa muryar?"

Ya kalli Auta, Auta ta kalli silin. Na ce, "Buɗe min bayansa."

Ya zaro 'yar sukudirebar nan ya kwance katakon baya. Jama'a, wayam. Kamar kazar da aka feɗe aka wanke. Duk allunan nan masu wayoyi da baban su yake hure wa ƙura da baki, babu. Ƙatuwar sifikar da take sa kofuna rawa a kan tebur, babu. Sai wani ɗan allo kore da bai kai tafin hannuna ba an manna a gefe, da siraran wayoyi kala-kala an kitse su sun tafi wurin haƙora.

Ya fara bayani, muryarsa na raguwa. "Kowane haƙori na haɗa shi da wannan ɗan allon, Mama. In an danna, shi zai gaya wa kwamfuta an danna wane, ita kuma ta fitar da sautin. Shi yanzu saƙo kawai yake aikawa."

Na ce, "Wato ka mayar min da dattijo ɗan aike."

Na nuna masa ƙofa.

"Na ba ka marar lafiya ka kai asibiti, ka kai shi mahauta. Kwashe kwamfutarka ka fita. Kuma manyanka da aka ce za su zo ƙarshen wata, ka ce su sha zamansu. Ranar da Kawu ya yi min gyaran murya, ranar za a yi maganar aure. In bai yi ba, ka nemi wata ka gyara."

Daga nan gida ya kama da wuta. Auta ta daina kwalliya, ta daina sa gishiri a abinci, ta shige ɗaki tana rubuta muku yadda ake zaluntarta. Yayyenta suka yi ta turo saƙon murya, kowa da nasa wa'azin. Na saurara duka, ban amsa ko ɗaya ba. Sai suka turo min Yaya, wana da muke ciki ɗaya, wanda shi ne zai karɓi manyan yaron. Ya zo da babbar riga da rana tsaka, ya zauna a kujerar da ta fi kusa da fanka.

"Ke yanzu a kan katako za ki hana yarinya aure?"

"Ba katako ba ne, Yaya."

"To mene ne? Ƙarfe? Yaro ya yi miki abin arziki, ya mayar da tsohon abu sabo. Wata uwar godiya za ta yi."

"Yaya, da matarka ta ba da tsohuwar kujerarka ta tsakar gida ta sayo maka sabuwa, wa ya zo nan yana cin abincina har ya huce?"

Ya gyara hula. "Wannan daban."

"Da me ya bambanta?"

"Kujerar nan ta san bayana."

Na ce to, shi ma Kawu ya san kunnena. Ya sha ruwa ya tashi, yana cewa tun ina ƙarama haka nake, in na kafe ko jaki sai ya ba ni hanya.

Abin da ban gaya wa kowa ba a lokacin shi ne safiya. In ɗauki tsintsiya, hannuna ya tafi wurin makunni da kansa, in danna, shiru. Ban san gidan nan yana da girma haka ba sai a kwanakin.

Shi kuwa Mahauci bai yi fushi ba, wannan zan ba shi. Kullum da safe sai saƙon muryarsa ya shigo wayata: "Mama, barka da asuba. Ni ne mai laifi. Ban zubar da komai ba, duk suna nan." Gobe kuma: "Mama, ni ne dai. Ina neman izinin zuwa." Ban amsa ba, amma ina saurara. Ran nan na gaji na danna abin magana na ce, "Ka zo, amma ba na son dogon turanci."

Ya zo da ƙaton kwali a ka, ya sauke a gabana ya buɗe. Kayan cikin Kawu ne, kowane allo an naɗe shi da jarida. Warin da ya fito, na tsohuwar ƙura da ta sha ɗumi, shi ne warin falon nan duk ranar hutu. Sai da na juya na gyara ɗankwali.

Ya ɗaga allo ɗaya ya nuna min wasu abubuwa kamar ƙananan batura, sun kumbura, wasu sun fashe sun zubar da wani abu ya bushe.

"Ba zan yi miki ƙarya ba, Mama. Zan iya mayar da su, amma waɗannan sun gama aiki, kuma irinsu babu a kasuwa. Da ma can mutuwa yake yi a hankali. In na haɗa shi zai iya tashi, amma ba zai daɗe ba. Abin da zan iya shi ne, in ya tashi, mu ɗauki muryarsa haƙori bayan haƙori, in adana. Daga nan ko ya mutu, in an danna tasa ce za ta fito."

"Kamar ɗaukar hoto?"

"Kamar hoto, amma na kunne."

"To me ya hana ka ɗauka kafin ka yanka?"

Ya sunkuyar da kai. "Na ɗauka ba mai sauraronsa, Mama."

Auta da ke laɓe a bakin ƙofa ta ce, "Ai ba mai kunna shi sai ni." Na ce mata ke dai kin san abin da ake yi a gidan nan in kin fita? A nan suka ji labarin safiyata, su biyun. Ba wanda ya yi dariya, shi ya sa har yanzu suke da haƙora.

Ya koma da Kawu shago. Wayoyin da ya datse da almakashi cikin sauƙi, yanzu sai da ya bi su ɗaya-ɗaya yana liƙewa da dalma, ga su sirara kamar gashi, ga su ba adadi. Ya yi makonni. Yana turo hoto kullum, ni kuwa ba allunan nake kallo ba, yatsunsa nake kallo, duk sun sha ƙuna an ɗaɗɗaure su da filasta. Na ce wa Auta ta kai masa man ƙuna, amma kada ta ce ni na bayar. Ta je ta ce ni na bayar.

Ranar ɗaukar murya na sa leshina mai ruwan toka da mayafinsa, na fesa turare, kamar mai zuwa dubiya. Shagon ɗan ƙaramin ɗaki ne, an manne bangonsa da soso mai tudu-tudu kamar abin zuba ƙwai. Babu taga, fanka ma an kashe wai kada ƙararta ta shiga. Kawu na tsakiya, bayansa a buɗe, kayan cikinsa rabi a ciki rabi a kan tebur, wayoyi sun haɗa su. An kafa makirfo a gaban tsohuwar sifikarsa.

Mahauci ya yi bisimilla ya kunna.

Shiru. Shirun ya yi tsawo. Sai daga can ƙasa, "hmmm". Sai "kaf-kaf".

Ban san lokacin da na ce "An tashi lafiya?" ba. Auta ta toshe baki da mayafi.

Da na dawo hayyacina na ce, "Ka ɗauka?"

"Tukuna, Mama. Ina jira ƙarar nan ta wuce. Wannan datti ne, ko ya shiga ma kwamfuta za ta share shi."

"Ka share shi in share ka! Wannan dattin shi na zo nema. Kashe ka sake kunnawa."

"Mama, duk kunnawa tana cin ransa. Ina tsoro."

"Kashe."

Ya kashe, ya danna abin ɗauka, ya ce kowa ya yi shiru, ya kunna. Kawu ya sake yi, har ya fi na farko kyau. Na riƙe bakina da hannu don kada gaisuwata ta shiga.

Sai aka zo kan haƙora. Shi dole ya zauna gaban kwamfuta da abin ji a kunne. Auta na bayan Kawu da guntun kwali tana yi masa fifita kada ya yi zafi. Saura wa zai danna? Ya kalle ni.

"Ni? Ban iya ba."

"Ba kiɗa ba ne, Mama. Ki danna ki riƙe, in na ɗaga hannu ki saki, ki koma na kusa da shi."

Na zauna a kan bencin baban su. Duk zamana da shi ban taɓa zama a kai ba. Na sa yatsa a haƙorin farko na layin ƙasa, na danna. Muryar ta bi ta yatsana ta haye hannu ta zauna min a ƙirji. Ashe haka baban su yake ji duk shekarun nan, bai taɓa gaya min ba.

Haka muka yi ta tafiya, fari, baƙi, fari. Zufa na zuba min, ban share ba. Muka zo kan wani da muryarsa ke rawa. Mahauci ya yamutsa fuska, na ce bar shi, haka yake tun kafin a haife ka. Muka gama layin ƙasa. Na cire takalmi na taka sandunan ƙafa ɗaya bayan ɗaya. Yaron ya ɗago yana murmushi ya ce, "Saura sama, Mama."

Na ɗaga hannu zuwa layin sama. Ban yi nisa ba Auta ta ce, "Ina jin ƙauri." Kafin ta rufe baki wani abu ya yi "tas" a ciki, hayaƙi ya taso siriri, muryar ta yanke a ƙarƙashin yatsana. Mahauci ya yi tsalle ya fizge waya daga bango. Ya duba, ya shinshina, ya sake dubawa, sannan ya zauna a ƙasa.

Layin sama shi ne na baban su. In suna kiɗa da Auta tana ƙarama, ita yake bar wa ƙasa tana riƙe masa, shi yana sama yana rera waƙar. Wanda ya tsira nata ne. Nasa ya tafi.

Yaya ya ce da ban sa an kashe an sake kunnawa ba, wataƙila da an gama. Wataƙila. Ni ban sani ba. Rubuta cewa ban sani ba. Abin da na sani, da ba a feɗe shi tun farko ba, da ba mu je can ba.

Na zaci Auta ce za ta yi kuka. Ina juyawa sai na ga ƙaton namiji da filasta a yatsu yana share hawaye da gefen riga. Na ce, "Kai, tashi! Mijinka ne ko nawa?" Ya ce, "Ki yafe min, Mama." Na ce ya samo mana abin hawa, zafi ya ishe ni.

Shekaranjiya ya dawo da Kawu. Babu kwamfuta a samansa, hoton baban su ya koma wurinsa. Wata 'yar mitsitsiya kamar sabulun wanka ya ɓoye a ciki, ita ke riƙe da muryar, ya kuma mayar da tsohuwar sifika. Ya ce in kunna da kaina. Na kunna. Shiru, sannan "hmmm", sannan "kaf-kaf". Auta ta taɓa layin ƙasa, kofuna suka yi rawa a kan tebur. Layin sama kuwa ba ya cewa komai. Ya ce zai iya jan muryar ƙasa ya ƙirƙiri ta sama, ba wanda zai gane. Na ce ni zan gane, ba na son ƙarya a falona.

Jiya da safe na gaishe shi, na yi sharata. Yau ma haka.

To, ga shari'ata, masu karatu. Yaya ya ce magana ta ƙare, tunda sharaɗin da na gindaya gyaran murya ne, kuma an yi. Ni na ce rabin murya aka biya ni. Rabin da ya ɓata ba mai iya dawo min da shi, shi ya sa na ce aƙalla a wanke min suna a inda aka ɓata shi, kuma da hannun mai laifi. Ke da kika ce muguwar uwa, ki dawo ki sake karantawa. In har yanzu haka kika gani, Allah ya ba ki surukin da ya iya gyara.

Yanzu, Mahauci, gyara zama. Wannan da zan faɗa ka rubuta shi a hankali, ba na son kuskure.

Na farko, layin sama na bar maka. Ka zuba masa muryar da ka ga ta dace, amma taka, ba ta kwaikwayo ba, kuma sai na ji na yarda. In na ji 'yan amshin nan sai na ɓalle wayar. Na biyu, ka ce wa manyanka su zo.

Ya tsaya yana kallona baki buɗe. Rubuta mana! Auta, karɓi wayar nan, ya kasa rubutu. Ke ma kallona kike yi? To ki rubuta, saura kaɗan.

Yayyenki sun fara cewa in an tashi kai ki ɗaki a haɗa da Kawu, tunda ke ce mai kiɗa, ga miji mai gyara. Ku ji da kyau, ku da su. Gado da kujeru da tukwane, ku kwashe har da labule. Kawu yana nan inda na zo na same shi. Duk wanda yake son taɓa shi, ya san hanyar gidan nan, ya zo ya gaishe ni tukuna.